Kilomita 100 A Ƙafa: Matan Da Ke Kwana Suna Tsere A Duwatsun Hong Kong

Yau za mu ɗan jingine zancen girki da reno, mu leƙa can gabashin duniya, mu ga wani irin tsere da ake yi a ƙafa, wanda in an gaya miki nisansa sai ki ce tatsuniya ce. Kilomita 100 ne, har da 'yan kai. Watau ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya. Kuma yawancinsa ba a kan kwalta ake yi ba, a kan turbar daji ne, hawa da gangara, dutse bayan dutse, dare da rana. Abin da ya sa muka kawo shi wannan fili kuwa shi ne akwai mata a ciki, kuma ba rakiya suke zuwa yi ba.

Kin dai san gudun nan na yada-ƙanin-wani da akan yi a titunan manyan birane, mai nisan kilomita 42 da 'yan mitoci. To, akwai waɗanda wannan nisa bai ishe su ba. Su ne suke yin na kilomita 50, da na 80, da na 100, har da wanda ya ɗara haka. Irin wannan shi za mu kira dogon fanfalaki. Ana yinsa a ƙasashe da dama, amma na Hong Kong ya yi suna ƙwarai, domin kuwa a bayan gari ake yinsa, mai gudu yana cikin daji yana hangen fitilun birni a ƙarƙashinsa.

BIRNI A GINDIN DUTSE

Hong Kong tana bakin teku ne a kudancin ƙasar Sin. Ingila ta daɗe tana mulkinta, sai a shekarar 1997 ta mayar wa Sin. Mutanenta sun haura miliyan 7, a cunkushe cikin dogayen benaye, har iyali guda kan zauna a ɗan wurin da bai fi ɗaki da falo ba. Duk wadda ta ga hoton birnin za ta ɗauka babu ko ciyawa a ƙasar. Alhali kuwa kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙasar daji ne da duwatsu, waɗanda doka ta keɓe, ba a yarda kowa ya yi gini yadda ya ga dama a ciki ba.

Yaya aka yi haka ta faru a wurin da taƙin ƙasa ya fi zinariya tsada? Dalili na farko, duwatsun suna da tsayi da santsi, gini a kansu sai da wahala. Na biyu kuwa, ke uwargida za ki fi kowa gane shi, watau ruwa. Hong Kong ba ta da wani babban kogi. Ruwan saman da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ake tarewa a madatsu. A shekarar 1963 an yi fari mai tsanani, har ta kai ana sakin ruwan famfo na awa 4 kacal a cikin kwana 4. Mata da yara suka riƙa yin dogon layi da bokitai da garewani. Mutanen da suka ɗanɗana wannan ba sa wasa da dajin da ke tara musu ruwa. A shekarar 1976 aka kafa dokar keɓe dazuzzukan, a zamanin wani gwamna mai suna Murray MacLehose, wanda shi kansa mai son yawon duwatsu ne.

A watan Oktoba na 1979 aka buɗe wata doguwar turba mai kilomita 100, aka sa mata sunan wannan gwamna. Ta taso daga Sai Kung a gabas, ta bi ta kan duwatsun da ke bayan birni, ta faɗa Tuen Mun a yamma. An raba ta kashi 10, kuma a kowace rabin kilomita an kafa ɗan turke mai lamba, don in mutum ya ɓata ko ya ji rauni ya iya faɗin inda yake. A kan wannan turba ce labarinmu yake.

SOJA SUKA FARA

Waɗanda suka fara mayar da turbar nan fagen tsere su ne sojojin Gurka, watau 'yan ƙasar Nepal da ke aiki a rundunar Ingila. A 1981 suka soma bin ta daga farko har ƙarshe don horar da jiki. A 1986 aka buɗe wa farar hula, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar agaji ta Oxfam, ya zama hanyar tara kuɗin taimakon matalauta. Sunan tseren Trailwalker, akan yi shi a watan Nuwamba, kuma daga baya ya bazu har Ingila da Ostareliya da Japan da Indiya.

Dokarsa ita ce abin sha'awa. Ba a shiga ɗai-ɗai, sai ƙungiyar mutum 4. Tare za su tashi, tare za su isa kowane zango a rubuta sunansu, tare kuma za su ƙare, cikin awa 48. In kina da saurin barewa, 'yar'uwarki kuwa ƙafarta ta kumbura, to saurinki bai amfana miki kome ba, tilas ki jira ta. Saboda haka sai ki ga mai ƙarfi ta karɓi jakar mai rauni, ko ta sa ta a gaba tana lallashinta. Gwanaye kan gama cikin ƙasa da awa 13. Sauran jama'a kuwa, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ofis, sukan kwana ɗaya a hanya, wasu har kwana biyu.

Sa'an nan a shekarar 2011 wata mata mai suna Janet Ng tare da Steve Brammar suka ƙirƙiro wani tseren na kowa-tasa-ta-fisshe-shi, suka sa masa suna Hong Kong 100. Shi a watan Janairu ake yinsa, lokacin sanyi. Nisansa kimanin kilomita 103 ne, kuma an ba mutum awa 30 ya gama. In aka tara dukan hawan da ke cikinsa ya zarce mita 5,000, watau kamar ki hau bene mai hawa 1,500 da ƙafa, ki kuma sauko. Duk da haka masu son shiga sun yi yawa har sai an yi ƙuri'a.

ZO MU BI HANYAR

Bari in ɗauke ki mu bi hanyar Hong Kong 100, ki ga abin da 'yar tsere ke gani.

Da safe ake tashi daga wani wuri mai suna Pak Tam Chung. Da farko hanyar tana da daɗi. Za ki zagaya wata babbar madatsar ruwa da aka gama ginawa a ƙarshen shekarun 1970, wadda aka yi ta hanyar toshe mashigin teku tsakanin tsibiri da gaɓa. Daga nan ki gangara bakin teku, ki taka farin rairayi a Sai Wan da Ham Tin, ki ratsa tsofaffin ƙauyuka waɗanda masu su suka ƙaura birni, shanunsu suka zama na daji suna kiwo abinsu. A nan ne tarkon yake. Jiki da sauran ƙarfi, iska tana kaɗawa, kowa yana jin zai iya. Wadda ta biye wa zuciya ta saki gudu a nan, za ta biya bashin da dare.

Gama kuwa manyan duwatsun duk a kashi na biyu suke. Bayan an ci rabin hanya sai a fuskanci Ma On Shan, wanda ma'anar sunansa Dutsen Sirdi ne, don ya yi kama da sirdin doki. Yawancin 'yan tsere a nan rana take faɗi musu. Sai kowa ya ɗaura 'yar tocila a goshi. In kin waiwaya sai ki ga fitilu a jere sun yi layi a jikin dutse kamar carbi. Can gaba, wajen dutsen da suke kira Dutsen Zaki, sai birni ya bayyana a ƙasa, benaye dubbai suna walƙiya. Mutane suna can suna cin abincin dare, ke kuwa kina nan da sauran kilomita 30 ko fiye a gabanki.

Akwai wani yanki da birai suka mamaye, waɗanda suka saba da mutane har ba sa tsoro. In suka ga leda a hannunki sai su fizge. Daga nan sai Dutsen Allura, mai tsini kamar sunansa, wanda hawansa matakala ce bayan matakala, a miƙe. Na ƙarshe shi ne Tai Mo Shan, watau Dutsen Babbar Hula, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Hong Kong, mita 957. Sau da yawa hazo kan rufe kansa har hasken tocila ba ya wuce taki kaɗan. In kin haye shi, sai gangara zuwa wurin ƙarewa. Amma ki tambayi duk wadda ta san abin, za ta gaya miki cewa bayan kilomita 95 gangara ta fi hawa ciwo, domin cinyoyi sun riga sun mutu.

To, kada ki ɗauka gudu ake yi tun daga farko har ƙarshe. Ko gwanaye ma takawa suke yi a wurin hawa mai tsanani, hannu a kan gwiwa. A saki gudu a shimfiɗaɗɗen wuri, a taka a wurin hawa, a yi hattara a gangara. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

CIKI DA ƘAFA

A kan hanya an kafa zanguna, tsakanin kowane biyu kimanin kilomita 10. Masu aikin sa kai ne ke tsare da su, har da yara 'yan sikawut, suna kwana a sanyi suna zuba wa baƙi shayi. Akan sami ruwa, da ayaba, da lemo, da burodi, da shinkafa, da taliya mai romo. Kowane zango yana da lokacin rufewa. Wadda ta iso bayan lokaci, tserenta ya ƙare ke nan, sai ta hau mota.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, sau da yawa ba ƙafa ce ke kayar da mutum ba, ciki ne. Jikin da ke aiki awa 15 ko 20 yana bukatar abinci, amma idan gajiya ta yi yawa sai ciki ya ƙi karɓa, tashin zuciya ya taso. Saboda haka masu wayo suke ci kaɗan-kaɗan tun kafin su ji yunwa, ba sa jira sai ta kama su. Haka kuma ruwa. Ƙarancinsa haɗari ne, amma yawansa ma haɗari ne, domin wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla alhali gumi yana fitar masa da gishiri, yana iya ruɗewa har ya suma. Shi ya sa ake haɗawa da abu mai ɗan gishiri.

Sai kula da ƙafa. Ɗan ƙaramin bororo da ya fito a kilomita 20, in ba a tsaya an rufe shi ba, kafin kilomita 70 ya zama gyambo. Masu tsere sukan yanke farce tun kafin ranar, su shafa man basilin a wuraren da tufa ke gogar fata, su riƙe safa ta canji. Kuma babu mai hankalin da zai sa sabon takalmi ranar tsere, sai wanda ƙafa ta saba da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokoki kuwa ba a wasa da su. Ba a yar da shara a daji, ba a yanke hanya, ba a karɓar taimako sai a inda aka yarda. A shekarar 2018 namijin da ya riga kowa isowa bai sami kofin ba, saboda an same shi da laifin ɗaukar gorar ruwa daga hannun wani mai yawo a hanya. Aka ba na bayansa.

DA CAN AN CE MACE BA ZA TA IYA BA

Ke 'yar makaranta, ki san cewa ba da daɗewa ba ko a ƙasashen Turai da Amurka ba a yarda mace ta yi dogon gudu ba. Bayan wasannin Olamfik na 1928 aka soke tseren mita 800 na mata, wai ya fi ƙarfinsu, ba a mayar da shi ba sai 1960. A 1967 wata ɗaliba mai suna Kathrine Switzer ta shiga gudun yada-ƙanin-wani na birnin Boston, sai wani jami'in tseren ya biyo ta da gudu yana ƙoƙarin yage lambar da ke jikin rigarta. Ta ƙi tsayawa har ta gama. Sai a 1984 aka fara yin wannan gudu na mata a Olamfik.

Yanzu dubi abin da ya faru a duwatsun Hong Kong. A wannan shekara ta 2018, wata budurwa 'yar ƙasar Sin mai suna Yao Miao ta gama kilomita 100 ɗin nan cikin awa 10 da minti 40. Tun kafin yawancin maza su yi nisa a kashi na biyu, ita ta riga ta isa ta huta. Masu bin diddigin irin wannan wasa sun lura cewa gwargwadon tsawon tsere, gwargwadon yadda ratar da ke tsakanin maza da mata take raguwa. Namiji ya fi ƙarfin tashi, wannan gaskiya ne. Amma tafiyar awa 20 ba ƙarfin tashi take so ba. Tana son mai iya auna ƙarfinsa, mai jure ciwo da rashin barci, wanda ba ya ruɗewa in abu ya ɓaci. A 2019 wata likitar dabbobi a Biritaniya, Jasmin Paris, ta cinye wani tsere mai fiye da kilomita 400 a tsakiyar hunturu, ta riga dukan mazan da ke ciki, alhali tana da goyo, tana tsayawa a zanguna tana tatsar nono.

YARINYAR DA TA SABA DA ƊAUKAR KAYA

Wadda ta zo ta biyu a bayan Yao Miao a 2018 ita ce Mira Rai, 'yar Nepal, ƙasar sojojin nan da suka fara tseren. Labarinta ya isa a ba kowace yarinya.

An haife ta a wani ƙauye a lardin Bhojpur, cikin duwatsu, a gidan talakawa. Tun tana ƙarama aikinta ɗebo ruwa da yankan ciyawar dabbobi da ɗaukar buhun shinkafa zuwa kasuwa, hawa da gangara. Karatunta bai yi nisa ba. A lokacin ana yaƙin basasa a ƙasar, sai ta bi 'yan tawaye tana 'yar shekara 14 ko 15. Da aka yi sulhu a 2006, ba a ɗauke ta cikin sojan ƙasa ba saboda ƙarancin shekaru. Ta rasa tudun dafawa, har ta fara shirin tafiya ƙasar waje neman aikin ƙwadago.

A watan Maris na 2014 tana Katmandu, babban birnin ƙasar, tana ɗan gudun motsa jiki a duwatsun bayan gari, sai ta haɗu da wasu masu gudu, suka gayyace ta. Ashe tsere ne na kilomita 50. Ba ta da kayan kirki, ba ta riƙe guzuri ba, ga ruwa da ƙanƙara sun sauko. Haka ta daure har ta gama cikin kimanin awa 9, ita kaɗai ce mace. Daga nan aka gane ta. Ba a jima ba ta je Hong Kong ta ci tseren kilomita 50. A watan Yuni na 2015, wata biyu bayan girgizar ƙasar da ta kashe dubban mutane a Nepal, ta ci babban tseren kilomita 80 na dutsen Mont Blanc a Faransa, ta shigo tana ɗaga tutar ƙasarta. A 2016 aka yi mata aiki a gwiwa, ta yi watanni ba ta tsere. Ba ta zauna haka nan ba, sai ta koma shirya wa 'yan matan ƙauye tsere da horo. A 2017 mujallar National Geographic ta ba ta lambar yabo ta shekara. Nasarar da ta samu a Hong Kong a 2018 kuwa bayan wannan jinya ce.

Ki lura, ƙafar da ta kai ta Faransa ita ce dai ƙafar da ta sha zuwa rafi da kasuwa. Wahalar da take ganin ta tauye ta, ashe horo ne.

Akwai kuma wasu matan da ba su ci kofi ba, amma sun cancanci a ambace su. A Hong Kong akwai mata fiye da 300,000 masu aikin gida, yawancinsu daga Filifin da Indonesiya, sun baro 'ya'yansu sun zo renon na wasu. Hutunsu kwana ɗaya ne a mako, galibi Lahadi. A 2017 huɗu daga cikinsu, 'yan Filifin, suka haɗa ƙungiya suka shiga Trailwalker. Kwana 6 suna shara da wanki da girki, ranar hutun kuwa su ɗaura takalmi su hau dutse. Wadda ta ce ba ta da lokaci, to ga amsa.

DUTSE BA YA WASA

Amma fa kada daɗin labari ya sa mu ɓoye ɗacinsa. Wannan wasa yana iya cin rai.

A Janairun 2016 aka yi sanyin da Hong Kong ba ta ga irinsa ba cikin kusan shekara 60, kuma ya faɗo daidai da ranakun tseren. Ƙanƙara ta daskare a kan hanyar Tai Mo Shan, ta yi santsi har mutum ba ya iya tsayawa. Tilas aka tsayar da tseren, 'yan kwana-kwana suka hau suka sauko da mutane, aka kai da dama asibiti.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya auku a lardin Gansu na ƙasar Sin, ran 22 ga Mayu, 2021. Mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 a wasu duwatsu. Da yawansu gajeren wando da 'yar shimi kawai suka sa, domin ba a tilasta musu riƙe rigar sanyi ba. Kafin azahar gari ya juya, iska mai ƙarfi da ruwa da ƙanƙara suka same su a kan tudu inda babu mafaka, mota kuma ba ta zuwa. Mutum 21 suka rasu, ciki har da Liang Jing, ɗaya daga cikin manyan gwanayen ƙasar. Wani makiyayi mai suna Zhu Keming ya ceci mutum 6, ya shigar da su kogon da yake fakewa, ya hura musu wuta.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda ke kan gaba su abin ya fi shafa, domin su suka riga isa tudun, kuma su suka fi rage kaya don su yi sauri. Gwaninta ba ta hana sanyi kama jiki. Saboda haka ne masu shirya tsere na gaskiya suke tilasta wa kowa ya riƙe tocila, da waya, da ruwa, da rigar kare iska, da wani siririn bargo mai ƙyalli da ke riƙe ɗumin jiki, kuma sukan buɗe jaka su duba. Haka nan kuma, wadda ta ga jiri ya kama ta ko jikinta yana karkarwa, ta tsaya a zango ta ce ta haƙura, ba ta yi abin kunya ba. Dutse yana nan, baɗi ma rana ce.

NAMU RABON

To, uwargida, ba cewa muke ki ɗaura ɗamara gobe ki kama hanyar kilomita 100 ba. Amma akwai abin ɗauka. Babu ko ɗaya cikin matan nan da ta fara da 100. Da kilomita 2 aka fara, aka koma 5, aka koma 10, wata da watanni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau 5, kuma tafiya da ɗan sauri ta wadatar. Wannan yana taimakawa wajen kare kai daga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Yara da matasa kuwa awa guda suke bukata kullum. Wani bincike da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna cewa a duniya kashi 85 cikin 100 na 'yan mata matasa ba sa samun wannan. Saboda haka ke 'yar makaranta, ki daina fakewa da ciwon kai ranar wasanni. Ke kuma uwa, in malama ta ce 'yarki tana da gudu, kada ki ce wannan aikin maza ne.

In za ki fara, ki ɗauki darasin masu ƙungiyar mutum 4. Ki nemi maƙwabciya ko ƙawa ku riƙa fita tare, da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, a hanyar da kuka sani, kuma mutanen gida su san inda kuka nufa. In fita ba ta samu ba, zagayen tsakar gida ma tafiya ce. Ki sa takalmin da bai matse ki ba, ki riƙe ruwa. Mai juna biyu, da mai jego, da mai hawan jini, su fara jin shawarar likita tukuna. Ranar da ƙyuya ta kama ki, abokiyar tafiya ce za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa, ranar da ta kama ta kuma, ke ce za ki ƙwanƙwasa mata.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.